Littafin da Na Ɗauka a Bakin Madam Odil

Tun da na dawo daga Faransa ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce yaya sanyi, wancan ya ce da gaske ne suna cin dodon koɗi. Sanusi kuwa kullum tambayarsa ɗaya ce: "Wai kai Mutari, duk faɗin Faransa ka rasa abin karantawa sai wani mataccen alkali?" Kun san ni ba mai baki ba ne. In mutane sun wuce uku harshena nauyi yake yi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata, takardar zan miƙa masa.

Bari in fara da alkalin, tunda saboda shi na yi tafiyar. Lauya ne a birnin Lyon a ƙarni na sha shida na lissafinsu, daga baya ya zama alkali. A zamaninsa da Latin ake karatun shari'a, harshen da mai gona da mai saƙa ba su ji. Shi kuwa ya ɗauki littafin shari'ar Rumawa da ake fara koya wa ɗalibai, ya juya shi zuwa Faransancin da ake ji a kasuwa. Abokan aikinsa ba su gode masa ba. A Yamai na gamu da shi, lokacin da nake karatun shari'a, a ƙasan wani shafi inda aka ambace shi a layi biyu aka wuce. Sunansa kun karya shi iri-iri har kuka gaji kuka raɗa masa Malam Tafinta. Da shi zan kira shi a nan.

Abin da ya ja ni gare shi ba ɓoyayye ba ne. A zauren Baba na tashi, a Birni, cikin Damagaram. Ɗalibi ya buɗe littafi ya karanta gaɓa ɗaya ta Larabci ya tsaya, Baba ya mayar da ita Hausa, ɗalibi ya ci gaba. Da haka ake cinye littafi daga bango zuwa bango. Da na ji labarin wani mutum a wata duniya da ya yi irin wannan aiki aka raina shi, sai na ji ina son sanin ko wane ne.

Ranar da na je sallama, na ɗauka Baba zai ce wane irin karatu ne wannan. Bai ce ba. Cewa ya yi, "Duk abin da za ka karanta, ka ɗauke shi a bakin malami. Wanda ya karanta littafi shi kaɗai bai karanta ba, leƙe ya yi." Inna kuma ta ɗaure mini kilishi mai yawa a takarda, ta ce ba nawa ba ne, na malamin da zan samu ne, domin ba a zuwa gaban malami hannu rabbana.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na daɗe a kanta ba. Taya ta fashe mana bayan Konni, muka zauna gindin wata bishiyar bedi muna sauraron wata tsohuwa tana zagin direba da kakanninsa. Jirgin sama kuwa ban ga komai a cikinsa ba sai bayan kujerar gabana, don ban yarda na kalli taga ba.

A filin jirgin Paris ɗan sandan da ya duba fasfona bai ba ni wahala ba. Kare ne ya ba ni. Ina jan walis ɗina, akwatin kayana, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabanta kamar an aiko shi. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ce in buɗe. Ya zaro ƙunshin Inna ya sansana.

"Mene ne wannan?"

"Nama ne busasshe. Ba nawa ba ne, na malami ne."

"Ko na shugaban ƙasa ne, ba ya shiga."

Na ce a nuna mini dokar. Ya nuna mini wani allo a bango, da hoton nama an ja masa jan layi, da rubutu a ƙasa. Na tsaya na karanta rubutun har ƙarshe, shi yana jira, mutane na wucewa. Gaskiya ya faɗa, dokar tana nan. Ya jefa kilishin Inna cikin wani babban bokiti mai murfi. Haka na shiga ƙasar mutane hannu rabbana.

Kawu Ila, ƙanen Inna, shi ya tarbe ni. Ya daɗe a can yana aikin share ofisoshi. A Montreuil yake zaune, a fwaye, wato gidan ma'aikata ƴan Afirka, yawancinsu mutanen Mali. Wanda bai ga fwaye ba zai ɗauka gida ne. Gari ne aka ɗora shi bisa kansa. A ƙofa ana gasa masara, a tsakar gida akwai tela da wanzami da mai goro, a ƙasa mata na tuƙa manyan tukwane na shinkafa da miyar gyaɗa, har Turawan unguwa na zuwa ci da rana. Kawu ya shimfiɗa mini katifa tsakanin gadonsa da na wani dattijo Bamale da ake kira Tonton Musa, mai minshari kamar injin niƙa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a Paris ba dogayen gine-gine ba ne, shirun metiro ne, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutane cunkushe, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma ba mai ce wa wani ina kwana. Ranar farko na zauna kusa da wani mutum na gaishe shi, sai ya janye jakarsa ya rungume. A wurinmu in ka zauna kusa da mutum ba ka gaishe shi ba, ka sanar da shi akwai rigima ke nan. Su kuwa gaisuwar ce rigimar. Kuma burodi ake ɗauka tsirara a hammata a bi titi da shi, karnuka kuwa an sa musu riguna.

Farfesan da jami'a ta tura ni wurinsa mutumin kirki ne, wannan ma shi ya sa abin ya yi mini wuya. Ya ba ni kujera, ya ba ni kafe, ya gaishe ni da Hausa har da "ina gajiya". Bayansa kanta ce cike da littattafan da ya rubuta a kan gonaki da gado a ƙasashenmu. Ya duba takardata ya yi murmushi, ya kira ni Mushe, wato malam a harshensu.

"Mushe Mutari, kana da abin da ɗalibaina ba su da shi. Kana da terrain, wato filin bincike, kana da harshe, kana da dangi a ƙauye. Ka rubuta mini memwar, kundin digirinka, a kan rikicin gona a al'adar Hausawa. Cikin shekara ka gama."

Na ce ni Malam Tafinta na zo karantawa.

"Yaya Latin ɗinka?"

"Kaɗan ne."

"Akwai yara a nan da suka fara Latin tun kafin su fara aske gemu."

"To su me ya hana su karanta shi?"

Ya yi dariya. "Don babu abin karantawa. Mai fassara ne kawai, bai ƙara komai nasa ba."

Na ajiye kafen a faranti. Ban saba mayar wa babba magana ba, kun sani. Amma na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Farfesa, lokacin da kuka je ƙasarmu nazarin gonakinmu, akwai wanda ya ce ku koma ku rubuta a kan garinku?"

Ya dube ni. Bai yi fushi ba, ko kuma ya ɓoye. Ya ce shi dai ba zai jagoranci wannan aiki ba. Ya tuna mini cewa in zangon karatu ya ƙare ban samu malamin da ya karɓe ni ba, bursu ɗina, kuɗin karatun da ake ba ni, zai tsaya, izinin zamana ma ya bi shi. Sannan ya rubuta mini sunan wata malama a Lyon, Madam Odil, wadda ta kusa barin aiki. Ya ce, "Gwada ta. Tana son abubuwan da suka mutu."

Da na koma fwaye na ba da labari, Kawu ya ajiye cokalinsa.

"Kai yaro, an kai maka tuwo har baki ka ce sai fura? Mutum ya ce shekara ɗaya ka gama!"

"Kawu, ba shi na zo karantawa ba."

"Ni shara na zo yi? Da diflom ɗina na zo nan. Ana cin abin da aka samu."

Tonton Musa ya sa baki da Faransancinsa na fwaye, ya ce, "Ɗana, rubuta musu abin da suke so, ka karɓi takardarka. Alkalin naka ai ba gudu zai yi ba, ya riga ya mutu."

Shawara ce mai kyau, ban musa ba. Na dai ce zan tafi Lyon. Kawu ya ce taurin kan Damagarawa ne, daga wajen ubana na gado, su danginsu ba haka suke ba. Duk da haka shi ya raka ni gar, tashar jirgin ƙasa, ya cire manto ɗinsa, rigar sanyi mai kauri, ya ɗora mini, yana ta faɗa har jirgi ya tashi.

Abin da Kawu ya manta bai gaya mini ba shi ne, sayen tike bai isa ba, sai ka cusa shi cikin wata ƴar na'ura rawaya ta cije shi kafin ka hau. Mai duba tike ya zo ya juya nawa gaba da baya, ya yi mini wa'azi mai tsawo a gaban mutane, sannan ya yafe mini. Jirgin kuwa, nisan da ya yi kamar daga nan zuwa Konni, tsakanin azahar da la'asar ya cinye shi.

A Lyon na samu ɗaki a Bron, a gidan ɗalibai, inda tiram, jirgin kan titi, ke kwasar mutane zuwa cikin gari. Ɗakin in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango biyu. Amma gidana na gaskiya a La Guillotière yake, unguwar da baƙi suka cika, a shagon Alhaji Sule, Bamaraɗe, wanda Kawu ya haɗa ni da shi. Gero, kuka, daddawa, busasshen kifi, katin waya, babu abin da ba ya sayarwa. A bayan shagon akwai benci da buhunan shinkafa inda Hausawa ke taruwa bayan la'asar. Cikinsu akwai Bashir, Bakano, mai aikin gadi, wanda bai taɓa jin magana ya bar ta ta wuce lafiya ba.

Madam Odil ta aiko cewa ba ta gari, sai ta dawo. Zangon karatu kuwa na ta ƙarewa. Ban zauna jira ba, na nufi babban ɗakin karatun birnin, sashen tsofaffin littattafai. A can sai ka wanke hannu, ka bar jaka da biro a waje, da fensir kaɗai ake shiga. Wata ma'aikaciya ta kawo mini littafin bisa matashi kamar jariri ranar suna. Na yi tsammanin ƙato ne. Ɗan ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, irin wanda mutum zai jefa aljihu ya tafi kotu. Fatar bangon ta yi baƙi don taɓawa.

Da ido kaɗai kasa karanta shi na yi. Faransancin tsoho ne, jimlolin dogaye, ina kai ƙarshe na manta farko. Ban san lokacin da na fara karantawa da baki ba, ina ɗan rausaya kamar a zauren Baba. Nan take maganar ta warware, na ji ta sarai. Sai na ji ma'aikaciyar ta taɓa tebur.

"Mushe, don Allah. Shiru ake yi a nan."

Na ba da haƙuri. Ban jima ba na sake. Da ta zo karo na gaba ta ce in na ƙara za ta ɗauke littafin. Sai na canza dabara: da rana in kwafe babi da fensir, da yamma in tafi bayan shagon Alhaji in karanta abina da ƙarfi, inda ba mai hana kowa surutu.

Ranakun da aka rufe ɗakin karatu nakan bi sawun mutumin. Lyon a zamaninsa garin maɗaba'a ne. Titi guda ne a tsakiyar gari inda masu buga littattafai suka jeru, fatake daga Italiya da Jamus na zuwa cin kasuwa su koma da littattafai a ganguna. Masu gyaran kuskure a maɗaba'un nan manyan malamai ne, lauyoyi da likitoci da masana Girkanci, suna cin abinci a teburin mai maɗaba'a, suna yi wa juna waƙar yabo yau, gobe su zagi juna a gabatarwar littafi. Daga baya yaƙin addini ya raba su, wasu suka gudu, wasu aka kashe. Na je titin. Yanzu duk gidajen abinci ne, an rataye naman alade. Ina tsaye ina duban wata tsohuwar ƙofa sai wani sabis mai kai abinci ya ce, "Teburin mutum ɗaya?" Na nemi kabarin Malam Tafinta ma, ba wanda ya san inda yake.

Wata yamma ina karanta babin dabbobin daji a bayan shago, Alhaji Sule ya ce, "Malam Mutari, kullum kana ta ɓaɓatu kai kaɗai kamar rediyo. Juya mana mu ji." Sai na yi yadda Baba ke yi, in karanta gaɓa in mayar Hausa. Babin ya ce in ƙudan zuma suka sauka a itacenka, ba naka ba ne, kamar yadda tsuntsun da ya yi sheƙa a kai ba naka ba ne, sai ka sa su cikin amya. In wani ya riga ka sa su cikin tasa, nasa ne.

Bashir ya miƙe daga kan buhu. "A itacena? A gonata? Wane joji ne ya yanke wannan?"

"Rumawa ne."

"Shi ya sa suka ƙare! Ai wannan fashi ne da lasin."

Alhaji ya ce, "Zauna, ɗan birni. Ka taɓa ganin amya? Mu a ƙauyenmu wanda ya ɗaura amya shi ke da zuma, mai itace a ɗan ɗiba masa."

"To ai ka ji, ana ɗiba masa! Wannan littafin ya ce a ɗiba masa?"

Na duba na ce bai ce ba. Amma ya ce in mai gona ya hango mutumin zai shiga, yana da ikon hana shi.

"In kuma ina wurin aiki fa?" in ji Bashir.

Aka kwashe da dariya. Har aka kira magariba ana gardama, wani mai sayen daddawa ma ya ajiye kayansa ya shiga. Ni kuwa ina lura da wani abu. Ban sha wahalar yanka maganar ba. Malam Tafinta ya riga ya yanka ta gaɓa-gaɓa, daidai inda numfashi ke ƙarewa, kuma duk inda kalma ta yi nauyi sai ya kawo mata ƴar'uwa mai sauƙi, kamar mai kallon fuskar masu sauraro. Na ce a raina, mutumin nan da baki ya fara wannan aiki, a gaban mutane.

Madam Odil ta dawo saura kaɗan zango ya ƙare. Ƴar tsohuwa ce siririya, gashi fari an yanke shi gajere, da keke take zuwa aiki. Ba ta ba ni kafe ba.

"Kai ne ka tambayi abokin aikina wa ya aike shi ƙasarku? Ya kira ni. Har yanzu abin na cinsa." Ta nuna mini kujera. "Na san mutumin naka. Na karanta gabatarwarsa da babi biyu ko uku. Me kake gani a cikinsa?"

Na ce ba zan iya bayani ba, sai dai in nuna. Na roƙe ta ta buɗe Latin ɗin a babin ƙudan zuma ta karanta da ƙarfi, ta tsaya inda numfashinta ya tsaya. Ta ɗaga gira, amma ta yi. Duk inda ta tsaya sai in kawo Faransancin Malam Tafinta da ka, don na riga na haddace. Muka tafi haka har ƙarshen babin, ita gaɓa, ni gaɓa. Ta rufe littafin.

"Wannan ba hujja ba ce. Masu fassarar zamanin kusan duk suna jera kalma biyu a wurin ɗaya. Kuma na ga takardunka, Latin ɗinka abin tausayi ne." Ta jawo takardar karɓar ɗalibi da za ta sa wa hannu, ta buɗe biro. "Amma tambaya ce, kuma ba wanda ya yi ta. Zan karɓe ka."

Nan ya kamata in ce na gode in tashi. Abin da na zo nema ke nan, zamana a ƙasar ya rataya a kansa. Amma ban tashi ba.

"Madam, ina da roƙo. Ina so in ɗauki littafin a bakinki. Mu karanta shi tare daga farko har ƙarshe, da baki, kamar yadda muka yi yanzu."

"Ba mai yin haka a nan. Ka je ka karanta, ka rubuto babi, in gyara."

"A wurinmu wanda ya karanta littafi shi kaɗai bai karanta ba. Leƙe ya yi."

"Wato ni duk shekarun nan leƙe nake yi?"

"Ban ce ba, Madam."

"Ka ce." Ta mayar da murfin bironta. "In kuma na ƙi?"

Na ce, "Sai in koma gida. Ban baro Damagaram don sa hannu ba."

Ta ce in tafi, tana da aji. Ba ta sa hannu ba.

Alhaji Sule da ya ji, salati ya yi ya riƙe kai. "An ce an karɓe ka, kai kuma ka kafa sharaɗi? Kai ne malamin ko ita?" Bashir ya ce shi tun ranar zuma ya san littafin nan ba alheri gare shi ba. Kawu ya kira ni a waya, ko gaisuwa bai gama ba ya ce in koma in durƙusa. Na ce ban zage ta ba, ban da abin janyewa. Gaskiya tsoro ya kama ni. Na fara tunanin yadda zan shiga Birni da walis ba takarda, da abin da irin su Sanusi za su ce. Amma kullum da safe nakan hau tiram in tafi ɗakin karatu in ci gaba da kwafa, don in an kore ni in tafi da abin da na samu.

Ranar wata Alhamis ina sunkuye ina kwafa sai na ji murya a kaina, ba a ko sassauta ta ba.

"Tashi. Na samo mana ɗaki mai ƙofa."

Madam Odil ce, da hular keke a hannu. Duk masu karatu suka ɗago. Ma'aikaciyar nan da ta sha ce mini shiru ita ta ɗauko littafin bisa matashinsa ta biyo mu har wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Madam Odil ta zauna ta ce, "Kowace Alhamis, awa ɗaya. Nawa sharaɗin: kullum ka zo da darasin Latin, in ka faɗi ba karatu ranar. Na sa hannu tun jiya. Buɗe shafin farko."

Haka muka ci damina da sanyinsu duka. Ta kore ni sau da yawa saboda Latin. Kuma ba duk abin da na zata ne ya tabbata ba. Wasu babukan a fili suke, don kunne aka yi su. Wasu kuwa Malam Tafinta kwafe su ya yi daga wani da ya riga shi, bai ko ambace shi ba. Mun kama shi da kurakurai, kuma daga abin da muka gano a takardun kotu, alkali ne mai zafin hannu, ba na jin zan so in tsaya gabansa. Duk na rubuta a memwar ɗina yadda yake. Madam Odil takan tsaya a tsakiyar shafi ta ce, "Dakata, wannan ban taɓa ganinsa ba," ta ja littafin gabanta.

Ranar da muka kai shafin ƙarshe na gaya mata a wurinmu in an sauke littafi ana taruwa a ci abinci. Ta ce ita a wurinsu kwalba ake buɗewa, amma za ta zo. Hajiya, matar Alhaji Sule, ta yi dambu da waina. Da na ba ta labarin ƙunshin Inna, sai ta sayi nama ta yi kilishi a tandar kicin. Ya fito da tauri kamar fatar takalmi. Na naɗe shi a takarda na miƙa wa Madam Odil da hannu biyu, na ce saƙon mahaifiyata ne, ya makara a hanya. Ta zauna kan buhun shinkafa tana tauna, ta daɗe tana tauna, idonta na hawaye don yaji. Bashir ya matso ya ce in tambayar masa ita, tsakaninta da Allah, zumar nan ta wa ce. Ta ce ta wanda ya sa ƙudan a amya ce. Ya ce a gaya mata zai ɗaukaka ƙara.

Memwar ɗin ya wuce. Ba a yi masa guɗa ba, ɗaya daga masu jarrabawar ma ya sake tambayata me ya sa ban yi a kan ƙasata ba. Na ce masa an riga an yi mini wannan tambayar a Paris.

Da na iso gida, bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe, na shiga zaure na durƙusa gaban Baba. Ɗalibansa na zaune da littattafansu. Na miƙa masa takardar shaidar. Ya juya ta, ya ajiye gefen buzu.

"A bakin wa ka ɗauka?"

"A bakin wata tsohuwa, Madam Odil."

"Daga farko?"

"Daga farko har ƙarshe, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa ɗalibin da ke gabansa ya rufe nasa tukuna. Sannan ya gyara zama ya dube ni.

"Kawunka ya ce akwai wata magana ta ƙudan zuma. Ɗauko mu ji."

Na zaro kwafin da na yi da fensir, na karanta gaɓar farko na mayar Hausa. Ban kai ta uku ba wani dattijo daga bakin ƙofa ya buga sandarsa a ƙasa.

"A itacena?"